ALLO DA ALLI: Kafin Ka Ɗaga Bulala, Ja Layi Uku

A wannan wata za mu ɗan fita daga aji mu leƙa masana'anta, domin akwai wata dabara da masu ƙere-ƙere suka yi shekara ɗari suna cin moriyarta, alhali kuwa ba ta bukatar kome sai takarda da fensir da rula, da lissafin da bai gagari ɗan aji shida ba. Dabarar ita ce zana aikin yau da kullum a takarda, don mutum ya gane ranar da ya kamata ya tashi tsaye ya nemi abin da ya faru, da ranar da neman mai laifi zalunci ne tsagwaronsa.

Duk wanda yake da mutane a ƙarƙashinsa ya san wannan hali. Mai mota ya ga kuɗin da direba ya kawo yau bai kai na jiya ba, sai ya ce an fara cin amana. Mai gidan burodi ya ɗaga burodi ya ji ba nauyi, sai ya hau yaron da ya kwaɓa fulawa da faɗa. Hedimasta ya ga waɗanda suka ci jarrabawar BECE bana ba su kai na bara ba, sai ya tara malamai ya yi ta zuba musu. Baɗi abin ya ɗan hau, sai ya ce ai ga amfanin faɗan nan. Ta haka direbobi da yawa suka rasa abinci, yara da yawa suka sha bulala, ba tare da kowa ya tsaya ya tambaya ba: shin wannan hawa da sauka wani ne ya jawo shi, ko kuwa halin aikin ke nan tun asali?

TAKARDA GUDA TA 1924

Wanda ya fara amsa wannan tambaya da lissafi wani Ba'amurke ne, masanin kimiyya, mai suna Walta Shuhat, wanda ya rayu daga 1891 zuwa 1967. A farkon shekarun 1920 yana aiki da kamfanin Western Electric, wanda ke ƙera wa kamfanin tarho na Bell kayan aiki a wata katafariyar masana'anta da ke gefen birnin Shikago. Wasu daga cikin kayan a ƙarƙashin ƙasa ake binne su, saboda haka in abu ya lalace, tono shi da gyara shi ba ƙaramar asara ba ce. Injiniyoyin kamfanin sun lura da wani abin ɗaure kai. Duk sa'ad da kaya ya fito da aibi suka garzaya suka taɓa inji don su gyara, sai kayan da ke biyo baya su ƙara saɓa wa juna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ranar 16 ga Mayu, 1924, Shuhat ya miƙa wa shugabansa wata takarda wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, da ɗan zane a jikinta. Wannan zane shi ne abin da za mu kira taswirar sa ido. A 1931 ya fitar da littafi guda a kan batun, amma gundarin maganar yana cikin wancan shafi.

Abin da ya gano shi ne, babu aikin da ke fitowa daidai wa daida kullum. Yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne. Mai ƙosai ta shekara ashirin tana suya, amma in ka ɗora ƙosanta guda goma a kan sikeli ba za ka sami nauyi ɗaya ba. Sai dai shi wannan bambanci iri biyu ne. Akwai ɗan gida, akwai baƙo.

Ɗan gida shi ne bambancin da ke fitowa daga ƙananan dalilai barkatai da ke cikin aikin kullum: yau fulawa ta ɗan yi sanyi, gobe itace bai bushe sosai ba, jibi hannu ya ɗan yi nauyi. Ba wanda za ka nuna da yatsa ka ce shi ne. Baƙo kuwa shi ne abin da ya faɗo daga waje, yana da suna, yana da rana: sikeli ya karye, an canza mai kawo fulawa, wani ya fara ɗiba a ɓoye. Maganin kowanne daban. Baƙo ana binsa ne a kamo shi tun sawunsa bai ɓace ba. Ɗan gida ba ya jin faɗa, ba ya jin bulala. Sai an sake tsarin aikin kansa, wannan kuwa yana hannun mai gida ne, ba ya hannun yaro.

Saboda haka kuskure biyu ke jiran kowane shugaba. Na farko, ya ɗauki ɗan gida a matsayin baƙo, ya bar jaki yana dukan taiki. Na biyu, baƙo ya shigo ya zauna, shi kuma ya ce ai haka abin yake, sai bayan ɓarna ta auku a yi fargar jaji. Taswirar sa ido an yi ta ne don ta rage waɗannan kura-kurai biyu.

YADDA AKE ZANA TA

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira daga makaranta, tun da nan ne muka fi wayo. A ce hedimasta yana rubuta yawan yaran da ba su zo ba kowace rana, har kwana goma, ya sami: 18, 22, 19, 25, 20, 17, 23, 21, 16, 19. A aikin gaske an fi son a tara na kwana 20 zuwa 25, amma goma sun ishe mu koyo.

Mataki na farko, a nemi matsakaici. In ka tara lambobin nan za ka sami 200, ka raba da 10, ya ba ka 20. Sai ka ja layi a kwance a tsakiyar takarda daidai 20.

Mataki na biyu, a duba tazarar da ke tsakanin kowace rana da wadda ta gabace ta, ba ruwanka da ko hawa aka yi ko sauka. Daga 18 zuwa 22 tazara 4 ce, daga 22 zuwa 19 tazara 3 ce, haka har ƙarshe: 4, 3, 6, 5, 3, 6, 2, 5, 3. Jimlarsu 37, su tara ne, saboda haka matsakaicin tazara ya kama 4.1.

Mataki na uku, a ninka wannan da 2.66. Ita wannan lamba masana ƙididdiga ne suka fitar da ita don irin wannan taswira mai lamba ɗaya a kowace rana, kuma ba ta canzawa. Abin da za ka samu ya kusa 11. Ƙara 11 a kan 20, ka sami iyakar sama, wato 31. Cire 11 daga 20, ka sami iyakar ƙasa, wato 9. Ja waɗannan layuka biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Layi uku sun cika. Daga nan kowace rana sai ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka haɗa shi da na jiya.

To, me takardar ke cewa? Cewa take, muddin makarantar nan tana tafiya yadda take tafiya, kowace rana ana iya rasa yara tsakanin 9 da 31, ba tare da wani sabon abu ya faru ba. Ranar da aka rasa 25, hedimastan da ya tara yara a rana yana zazzaga musu ya ɓata lokacin darasi ne a banza. Washegari da abin ya sauko 20, ba faɗansa ne ya sauko da shi ba. Ko ya yi shiru zai sauko, domin kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Haka nan ranar da aka rasa 16 kacal, ba wanda ya cancanci tukuici. Amma ranar da ɗigo ya tsallake ya kai 36, to a ajiye alli a fita bincike a ranar, ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila ƙyanda ce ta ɓulla, wataƙila gada ce ta karye.

Shuhat ya buɗa tazarar layukan nan da gangan, don kada taswira ta riƙa kururuwar ƙarya. Ga lambobin da suka taru a tsakiya kamar yadda aka saba, ɗigo ba ya tsallake iyaka haka kawai sai wajen sau 3 cikin 1,000. Akwai kuma wata alama ta biyu wadda kamfanin Western Electric ya sa a littafin jagoransa na 1956: in ɗigo takwas suka jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da ba wanda ya tsallake iyaka, to wani abu ya canza. Dalili kuwa a fili yake. Ka jefa kwabo sama sau takwas ya riƙa faɗuwa a fuska ɗaya, wannan sai sau 1 cikin 128.

A lura da abu ɗaya, domin nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Layukan nan ba burin hedimasta ba ne, ba kuma umarnin ofishin ilimi ba ne. Daga cikin aikin kansa suka fito. Ana iya samun makarantar da ɗigonta bai taɓa tsallake iyaka ba, amma kullum tana rasa yara 20. Wannan ba lafiya ba ce, ciwo ne da ya zauna daram. Abin da taswira ta gaya maka kawai shi ne, maganin ba ya wajen Audu ko Tanko, yana cikin tsarin.

WASAN JAJAYEN DUWATSU

Wanda ya yayata wannan ilimi a duniya shi ne Edwad Demin, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1993, kuma ya sha karatu a wajen Shuhat. Yana da wani wasa da yakan yi wa manyan shugabannin kamfanoni a wuraren lacca. Yakan kawo akwati cike da duwatsu irin 'ya'yan carbi guda 4,000, farare 3,200, jajaye 800, a cakuɗe. Sai ya kawo wani ɗan faifai mai gurabu 50, kamar gidan dara. Ya kira mutum shida daga cikin jama'a ya ce ya ɗauke su aiki: kowa ya tsoma faifai ya ɗebo 50, kuma farare kawai kamfani ke so, ja aibi ne.

Sai a fara. Wannan ya ɗebo jajaye 7, a yaba masa, a ce shi ne gwarzon ma'aikaci. Wancan ya ɗebo 14, a ja masa kunne. Washegari gwarzon jiya ya ɗebo 13, a ce yabo ya sa ya sangarce. Wanda aka yi wa faɗa ya ɗebo 8, a ce faɗa ya yi rana. A ƙarshe a kori waɗanda suka fi ɗebo ja, a bar gwanaye, su ma su ci gaba da ɗebo ja yadda aka saba.

Jama'a su yi ta dariya, sai Demin ya zana taswira a allo. Tun da kashi 20 cikin 100 na duwatsun jajaye ne, matsakaici zai riƙa kai-kawo ne a wajen 10, kuma duk abin da ya faɗa tsakanin 2 da 18 halin akwatin ne. Ba gwani, ba rago. Mutum ɗaya ne ke iya rage ja, shi ne mai akwatin, ta hanyar tsince jajayen tun kafin a fara. A littafinsa na 1986 Demin ya ƙiyasta cewa kashi 94 cikin 100 na matsalolin wurin aiki daga tsari suke, wanda ke wuyan shugabanni. Ƙiyasi ne na abin da ya gani a rayuwarsa, ba awon sikeli ba, amma duk wanda ya taɓa koyar da yara 70 a ajin da aka gina don 40 ya san inda maganar ta dosa.

Akwai darasi a yadda wannan ilimi ya yi yawo. Amurka ta yi amfani da shi sosai wajen ƙera kayan yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma da aka gama yaƙi kasuwa ta buɗe, sai kamfanoni da yawa suka yi watsi da shi. Ita kuwa Jafan yaƙi ya bar ta a durƙushe, kayanta kuma an san su da arha da saurin lalacewa. A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyi ta ƙasar ta gayyaci Demin ya koyar da injiniyoyi, ya kuma zauna da shugabannin manyan kamfanoni. A 1951 suka kafa lambar yabo ta ingancin kaya da sunansa, wadda har yanzu ake bayarwa. Ba Demin kaɗai ya tayar da Jafan ba, Jafanawa ne suka yi aikinsu, amma sun riƙe abin da aka koya musu da hannu biyu. Sai a 1980, bayan motoci da rediyoyin Jafan sun cika kasuwannin Amurka, wani shirin talabijin ya tuna wa Amurkawa da tsohon da ke zaune a cikinsu, kamfanin Ford ya nemi shawararsa a 1981.

IN LAIFIN NA TSARI NE, TA INA ZA A FARA?

Taswirar sa ido tana gaya maka irin ciwon ne, ba ta rubuta magani. Don haka akwai wasu zane-zane da ke tafiya tare da ita. Wani shehun malami na Jami'ar Tokiyo, Kaoru Ishikawa, wanda ya rayu daga 1915 zuwa 1989, ya yayata guda bakwai masu sauƙi waɗanda leburan masana'anta zai iya amfani da su ba sai injiniya ba. Shi ne kuma jagoran ƙananan da'irori na ma'aikata da aka fara a 1962, inda mutum kamar takwas ko goma da ke aiki wuri ɗaya sukan zauna su tattauna matsalar sashensu. Uku daga cikin bakwai ɗin sun ishe mu a yau.

Na farko takardar ƙirga. Ka rubuta dalilai a jere, duk sa'ad da abu ya faru ka ja sanda ɗaya a gaban dalilinsa, in sun kai huɗu ka gicciya ta biyar. Ba ta da wuya, amma ita ce ke raba abin da muke zato da abin da ke faruwa.

Na biyu zanen Fareto. Sunan wani masanin tattalin arziki ne ɗan Italiya, wanda ya lura a ƙarshen ƙarni na 19 cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane ƙalilan. Daga baya wani masanin ingancin kaya mai suna Josef Juran ya ce ai haka matsaloli ma suke: dalilai biyu ko uku ne ke jawo mafi yawan ɓarna. Mu koma ga makarantarmu ta misali. A ce an bi yaran nan an tambaye su a hankali, fashi 200 ɗin nan ya rabu haka: zazzaɓi 90, waɗanda suka makara suka juya gida 60, talla ranar kasuwa 24, rashin kuɗin abinci 14, sauran dalilai 12. Sai a zana ginshiƙai, mafi tsawo a hagu, suna gajercewa zuwa dama kamar matakala. Ido kaɗai zai nuna maka cewa biyun farko sun kwashe 150, wato kashi 75 cikin 100. Ƙungiyar iyaye da malamai da ta ɓata zama uku tana muhawara a kan talla ta bar giwa tana farautar ɓera.

Na uku zanen ƙayar kifi, wanda aka fi sani da sunan shi Ishikawa. Ka ja dogon layi, ka rubuta matsalar a ƙarshensa, nan ne kan kifi. Sai ka fitar da manyan ƙayoyi daga jikin layin. A masana'anta sukan sa mutane, inji, kayan haɗi, hanyar aiki, awo da muhalli. A makaranta kana iya sa gida, hanya, makaranta da yanayi. A kan kowace ƙaya a rataya ƙananan dalilai, kuma kowa ya sa baki, har mai gadi da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, domin sau da yawa su suka fi kowa sani. Kamfanin Toyota ya shahara da wata al'ada da ke taimakawa a nan, wato tambayar "don me" har sau biyar. Don me yaro bai zo ba? Ya makara, ya juya. Don me ya juya? Yana tsoron bulalar bakin ƙofa. Don me ya makara? Ya tafi ɗiban ruwa. Don me sai da safe? Famfon unguwa da asuba yake kawowa, layi kuma ya yi tsawo. Ka ga inda muka fito. Bulalar da aka ajiye don maganin makara ita ce ta mai da makarar minti goma ta zama fashin yini guda.

Daga nan sai gwaji. Demin ya koyar da zagaye mai hawa huɗu: tsara, gwada kaɗan, duba sakamako, sannan zartar ko sake shiri. A ce an ajiye bulala na wata ɗaya, wanda ya makara ya shiga aji ya biya da shara bayan an tashi. Kada a dogara da yadda ake ji a rai. A ci gaba da ɗiga ɗigo. In takwas suka jeru a ƙarƙashin layin tsakiya, canjin ya yi aiki, sai a ja sababbin layuka. In ba su jeru ba, ba a yi asarar kome ba, a gwada wata dabarar.

INDA ABIN YA SHAFI RAI

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ta tsaya ga burodi da tarho. A Ingila an yi wani likita mai suna Harold Shifman a wani gari kusa da Manchesta, wanda kotu ta samu da laifin kashe majinyatansa 15 a shekarar 2000, binciken gwamnati kuma ya tabbatar da cewa waɗanda ya kashe sun haura 200, akasarinsu tsofaffin mata. A 2001 wasu masana na Jami'ar Bamingam suka ɗora alƙaluman mace-macen majinyatansa a kan taswirar Shuhat, suka nuna cewa ɗigonsa ya tsallake iyakar sama shekaru kafin a kama shi a 1998. Alƙaluman suna nan a ofisoshi duk tsawon lokacin, ba wanda ya ja musu layi. Wannan shi ne kuskure na biyu da muka ambata, baƙo ya shigo ya zauna.

A nan yankinmu ma da irin wannan tunani ake tsaron sanƙarau. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a ƙasashen da ke kudu da Sahara, ta kashe wajen 25,000, kuma arewacin Gana bai tsira ba. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2014, in gunduma ta sami masu cutar 3 cikin kowane mutum 100,000 a mako ɗaya, a shiga shiri; in sun kai 10, annoba ce, a tashi da rigakafi. Layi ne aka ja tun kafin tashin hankali, don kada a firgita a kan mutum ɗaya, kada kuma a yi barci a kan goma.

Iyayenmu mata ma sun daɗe da riƙe ɗan'uwan wannan taswira a jakarsu, wato katin awon jarirai. Wani likita ɗan Ingila, Dabid Moli, shi ya ƙirƙiro irinsa na farko sa'ad da yake aiki a ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa, daga ƙarshen shekarun 1950. Bambancinsu shi ne layukan katin daga awon lafiyayyun yara aka samo su, amma karatun iri ɗaya ne: awo ɗaya ba ya ba da labari, jerin ɗigo shi ke magana. Har ila yau, daga 2008 zuwa 2015 an gudanar da wani shiri a asibitocin Gana mai suna Project Fives Alive, wanda ya faro daga yankunan arewa, don rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ma'aikatan jinya da ungozomomi su da kansu suke zana alƙalumansu, su gwada ƙananan canje-canje, su duba ko ɗigo ya motsa.

SHARAƊI GUDA

Duk wannan ba ya aiki sai da lambobin gaskiya, lambobin gaskiya kuwa ba sa fitowa daga bakin mai jin tsoro. In malami ya san za a ci mutuncinsa saboda yara 25 ba su zo ba, zai rubuta 19. In direba ya san ranar da ciniki ya faɗi za a karɓe makulli, zai ɓoye rarar ranar da ciniki ya hau don ya cike giɓi. Daga nan takarda ta zama ado. Shi ya sa Demin ya nace cewa aikin shugaba na farko shi ne ya kori tsoro daga wurin aiki. Wanda zai yi amfani da taswira don ya sami sabuwar hujjar duka, gara ya bar ta.

Ba kuma ana cewa babu malalaci ko maciyin amana ba ne. Akwai su, kuma taswirar ita ce ta fi kowa iya tona su, domin ɗigonsu ba ya zama cikin layi. Abin da take hanawa shi ne a haɗa mai gaskiya da su don kawai ranar ta zo masa da jajayen duwatsu.

To, malami ba ya sallamar aji ba aikin gida. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da ke ci masa tuwo a ƙwarya wanda ake iya ƙirgawa: cinikin shago, man da mota ke sha, yawan burodin da ke dawowa, yaran da ke fashi a makarantar allo ko ta boko. Ya sayi littafin lissafi mai gida-gida, ya rubuta lamba ɗaya kowace rana har kwana 20, ba ƙari ba ragi, kuma kada ya yi wa kowa faɗa a kanta kafin kwanakin su cika. Sannan ya ja layi uku. Wanda lissafin ya rikice masa ya ba ɗansa na makaranta, zai yi masa cikin minti goma. Wanda ya ga abin mamaki kuwa ya rubuto mana ta ofishin edita, mu karanta tare a wannan fili.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.